Santimita 22: Abin da Ɗaga Mota Ke Bayarwa da Abin da Yake Karɓa

Hanyar da ke ratsa fadamar Haɗejiya zuwa rugagen da ke bayan Guri kowace damina sai ta sauya kama. Idan ruwa ya fara janyewa, taraktocin da suka yi ta zirga-zirga a cikin taɓo sukan bar mata kwari biyu masu zurfi, a tsakaninsu kuma doro mai tsawo wanda rana ke busarwa har ya yi taurin bulo. A kan irin wannan doro ne motar wani likitan dabbobi ta zauna wata rana da hantsi. Hilux ce mai ja da tayoyi huɗu, kuma ya sa ta a ƙaramar giya kamar yadda ya kamata. Sai ya ji wani abu ya doki ƙarfe a ƙarƙashinsa, motar ta tsaya cak, tayoyin baya suna juyawa ba su kama komai ba.

A bayan motar akwai akwatin sanyi, cikinsa kwalaben rigakafin ciwon huhun shanu, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke haɗawa. Ƙwayar da ke cikin wannan rigakafi mai rai ce, zafi kuwa kashe ta yake yi. Ardo ya tara garkuna a gaba yana jira. Manoman da ke kusa suka kawo fartanya aka yi ta haƙa har la'asar, doron bai saki motar ba. Sai washegari da rana ta ɗaga tarakta ta zo ta fizge ta. A lokacin ƙanƙarar da ya saya a gari ta zama ruwan ɗumi. Ya zubar da kwalaben gaba ɗaya, domin a wurinsa allurar da ta mutu ta fi rashin allura sharri: makiyayi zai kora shanunsa da yaƙinin an kare su, alhali ruwa aka ɗura musu. Kafin ya samo wasu ya koma, rabin garkunan sun tashi.

Da wannan takaici ya shigo Kano, ya nufi wani gareji da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa. A wayarsa akwai bidiyon motocin Amurka da aka ɗaga har mutum na buƙatar matakala kafin ya shiga.

"Baba, so nake a ɗaga ta inci huɗu," in ji shi ga tsohon makanikin.

"Likita, wace ce za a ɗaga? Mota ai ba abu ɗaya ba ce."

Tsohon ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar da tef ɗin awo, ya ce da likitan ya durƙusa ya gani. Ya auna daga ƙasa zuwa casis, wato dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da inji da bodi. Ya auna zuwa salansa, ya auna zuwa tankin mai. Daga ƙarshe ya kai tef ɗin kan wani dunƙulen ƙarfe mai siffar tulu da ke tsakiyar aksil na baya, wanda ke karɓar juyin farfela ya raba shi ga tayoyi biyu. A nan awon ya fi ƙanƙanta: santimita 22. A jikin tulun kuwa ga busasshiyar laka da sabon karce.

"Nan ta zauna," in ji shi. "Ko ka ɗaga ta inci goma, wannan tulu yana nan inda yake."

Hawa uku, ɗagi uku

Maganar tsohon tana da tushe a yadda aka ƙera a-kori-kura. Hawa uku ce. A sama akwai bodi, inda mutane da kaya suke. A tsakiya akwai casis, wanda inji da giyabos da tanki ke rataye a jikinsa. A ƙasa akwai aksil da tayoyi. Abin da ke tsakanin casis da aksil shi ne sifirin da shokazoba. Saboda haka duk wanda ya ce a ɗaga masa mota, ɗaya daga cikin abubuwa uku yake nufi, ko ya sani ko bai sani ba.

Na farko shi ne a cusa dunƙulen roba ko ƙarfe tsakanin bodi da casis. Motar za ta yi tsayi a ido, za ta kuma ba manyan tayoyi wurin shiga, amma babu abu ɗaya a cikinta da ya ƙara nisa da ƙasa. Inji da giyabos da tanki duk suna inda suke.

Na biyu shi ne a ƙara tsayin sifirin. Hilux ɗin da aka fara fitarwa tun wajen 2005 tana da naɗaɗɗen sifirin a gaba, a baya kuma sifirin mai falle-falle. Makanikan arewa sun daɗe suna ƙara falle ɗaya ko biyu ga motocin dako, ko da yake su don kaya suke yi. Wannan ɗagi na gaske ne, domin casis da duk abin da ke rataye a jikinsa suna tashi. Amfaninsa ya fi bayyana a wurare uku: lokacin da hancin mota zai tunkari gaɓar rafi, lokacin da gindinta zai sauka daga gangare, da lokacin da za ta tsallake tudu mai tsini. Na ukun ya fi damun doguwar mota. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux mai ƙofa huɗu ya ɗan haura mita 3, don haka tana iya hawa tudu da ƙafafun gaba, tsakiyar cikinta ya sauka a kan tsinin kafin na baya su iso. Sai dai aksil na baya sanda ɗaya ce da ta haɗa tsakiyar taya da tsakiyar taya, kuma sifirin a kanta yake tsaye. Duk abin da aka ƙara, sama da ita aka ƙara shi.

Na uku shi ne taya. Ita kaɗai ke ɗaga aksil, kuma rabin abin da aka ƙara a girmanta ne kawai ke zama riba, tunda aksil a tsakiyarta yake.

Lissafin da ke jikin taya

Likitan ya saba da lissafin ƙwayar magani bisa nauyin sa, don haka da tsohon ya nuna masa lambobin da ke jikin tayarsa, nan take ya fito da biro. An rubuta 265/65 R17. Lamba ta farko faɗin taya ce a milimita. Ta biyu tsayin gefenta ce, kashi 65 cikin 100 na faɗin, wato kimanin milimita 172. Ta uku girman wili ce a inci, wato kimanin milimita 432. Gefe biyu da wili sun ba da tsayin milimita 776.

Idan aka koma 265/70 R17, tsayin ya zama kusan milimita 803. An ƙara 27, tulun aksil ya samu 13, abin da bai kai kaurin babban yatsa ba. Idan aka yi tsalle zuwa 285/70 R17, tsayin ya kai 831, tulun ya samu milimita 27, amma a lokacin tayar gaba takan fara gogar bodi idan an murɗa sitiyari har ƙarshe, sai an yanke ko an buga wani wuri. Ya sake duba lissafin sau biyu. Kuɗin tayoyi biyar, har da safaya, a kan abin da bai kai santimita uku ba. Kwarin da ya kama shi kuwa tarakta ce ta haƙa shi, wadda tayarta ta baya ke kai wa mutum ƙirji.

Akwai injiniyoyin da suka warware wannan matsala daga tushe. A Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Albert Friedrich da abokan aikinsa sun tsara Unimog domin manoma, kamfanin Daimler-Benz ya karɓi ƙera ta a 1951. A cikinta aksil ba ya shiga tsakiyar taya. Sama yake wucewa, sannan wasu haƙoran giya da ke bayan kowane wili su sauko da juyin. Da wannan dabara tulun yakan tsaya wajen santimita 40 daga ƙasa. Amma mota ce mai tsada, mai nauyi, marar gudu, kuma kowane wili yana da nasa akwatin giya mai neman mai da kulawa. Ba abin da ake yi wa Hilux da walda a gefen titi ba ne.

Bashin da ake biya a kan kwalta

Da likitan ya fahimci inci huɗu ba za su taɓa tulun ba, sai ya ce to a yi su duk da haka, ai ba za a rasa amfani ba. A nan tsohon ya ajiye sifanarsa ya tambaye shi kilomita nawa ne daga Kano zuwa Haɗejiya, nawa ne kuma daga bakin kwalta zuwa ruga. Amsar ta nuna cewa mafi yawan rayuwar motar a kan kwalta take, cikin gudu, tsakanin babura da awaki da tireloli.

Kowace mota tana da wani matsakaicin wuri inda nauyinta ya tattaru. Idan direba ya kauce wa wani abu da sauri, nauyin yakan so ya ci gaba da tafiya miƙe, tayoyi kuma suna riƙe da ƙasa, sai motar ta karkata. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta fara auna haɗarin kifewar motoci a 2001 da wani lissafi mai sauƙi: a ɗauki faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Ƙananan motoci sukan samu tsakanin 1.3 da 1.5, dogaye irin su jif da a-kori-kura kuwa tsakanin 1.0 da 1.3. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon saurin kifewa.

A ƙaddara faɗin santimita 154 ne, cibiyar nauyi kuma tana santimita 70 daga ƙasa. Lambar ta zama 1.10. Idan ɗagin inci huɗu ya tura cibiyar zuwa 78, lambar ta faɗo ƙasa da 1.0, tun kafin a ɗora jarkokin mai da safaya a kan rufi kamar yadda likitan ya saba yi. Ko motar da ba a taɓa ba ba ta da rarar da za a yi wasa da ita. A 2016 mujallar Teknikens Värld ta ƙasar Suwidin ta gwada sabuwar Hilux ɗauke da kaya a gwajin kauce wa dabba, sai tayoyin gefe ɗaya suka bar ƙasa a gudun kusan kilomita 60 a awa. Wanda ya taɓa ganin saniya ta faɗo titi da magariba ya san cewa wannan gwaji ba na Turai kaɗai ba ne.

Bashin bai tsaya a kifewa ba. A gaban Hilux ta zamani kowace taya tana da nata hannuwa, kuma ƙaramin shaf ne ke kai mata juyi. An ƙera mahaɗan shaf ɗin su yi aiki kusan a miƙe. Idan aka ɗaga casis, sai su koma aiki a karkace, robar da ke rufe su ta riƙa yagewa, yashi ya shiga, su fara ƙara. Bayan kimanin santimita 5 sai an canza hannuwan sama, wani lokaci ma a sauko da tulun gaba ƙasa domin a miƙar da shaf, wato a mayar da wani ɓangare na tsayin da aka saya. Tayar da aka riga aka tura ƙasa kuma ba ta da sauran wurin sauka idan ta faɗa rami, sai ta rataye a iska a daidai lokacin da ake bukatar ta kama ƙasa.

Sai birki. A tsofaffin a-kori-kura marasa ABS akwai wani bawul a baya mai sandar ƙarfe da ke haɗe da aksil. Idan kaya suka danne mota, sandar takan sanar da bawul ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan aka ɗaga motar ba a daidaita sandar ba, bawul ɗin zai ɗauka kullum motar fanko ce, ya rage birkin baya ko da buhu ashirin ne a ciki. Robobin man birki ma suna da iyakar tsayi, idan aksil ya sauka fiye da yadda aka tsara sai su miƙe har su tsinke. Babbar taya kuma ta fi nauyi, ta fi wuyar tsayarwa, tana rage wa inji ƙarfin ja, tana ƙara shan mai, tana kuma sa maleji ƙarya: da 265/70, idan allura ta nuna 100, motar na gudun 103, da 285/70 kuwa 107. Fitilun gaba su ma sukan tashi su haske idon mai tahowa. Shi ya sa a Ostireliya, ƙasar da ɗaga mota ya zama sana'a babba, milimita 50 ne ɗagin sifirin da aka saba bari, abin da ya zarce iyakar da jiha ta sa kuwa sai injiniya ya duba ya sa hannu. A nan babu mai neman wannan takarda, hukuncin yana hannun mai mota da makanikinsa.

"Garin gyaran gira kada a rasa ido, Likita," in ji tsohon. "Kana da iyali."

Abin da aka yi

Aikin da aka yi wa motar daga ƙarshe bai yi kama da bidiyon ba. Da aka kwance sifirin na baya sai aka ga fallayen sun kwanta, shekarun ɗaukar kaya sun miƙar da lanƙwasarsu. Ashe motar ta daɗe tana tafiya ƙasa da tsayin da aka ƙera ta da shi. Aka sa sababbi masu ɗan ƙarfi gaba da baya, da shokazoba masu tsayin da ya dace da su, casis ya tashi kimanin santimita 4 a kan asalinsa. Tsohon ya ƙi sa dunƙulen ƙarfe tsakanin aksil da sifirin, dabarar da ta fi araha, domin tana ba aksil damar murɗawa idan an taka totur, kusoshin da ke ɗaure shi su riƙa sassautawa. Aka daidaita sandar bawul ɗin birki, aka duba robobin mai, aka gyara saitin tayoyin gaba, aka sunkuyar da fitilu.

Tayoyin da suka cinye aka musanya su da 265/70 masu ƙaya. Tsakanin ƙarin girma da sabon ƙaya, tulun ya tashi daga santimita 22 zuwa kusan 24. Mai walda ya yanko faranti mai kauri ya rufe ƙarƙashin inji da giyabos, inda kwanon baƙin mai yake, da kusoshi masu lafaffen kai, ya bar ƙofar juye mai. Farantin ya ci 'yan milimitoci daga tsayin da aka samu, amma ya mayar da dukan da zai fasa kwano ya zama goga kawai. Aka ja siririyar roba daga hancin numfashin tulun zuwa sama, domin tulu mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwan ya gauraya da mai. Jarkoki da safaya suka sauko daga rufi suka koma cikin bodi, kusa da bayan kujera. Wannan na ƙarshe bai ci ko sisi ba, kuma ya dawo da wani kaso na daidaiton da ɗagin ya karɓe.

Sauran aikin na direba ne. Tsohon ya yanko masa sanda ya yi mata tsaga a daidai santimita 24. Ya ce idan ya ga kwari, ya sauka ya auna doron. Idan ya haura tsagar, kada ya bi sawun tarakta, ya ɗora tayoyin gefe ɗaya a kan doron, na ɗaya gefen a kan gaɓa, ya tafi a hankali. Idan dutse ne, ya taka shi da taya, kada ya bar shi ya wuce ta tsakiya inda tulu yake. Idan kuma rairayi ne, lissafin ya juya: direbobin da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku rage iskar taya suke yi, suna sadaukar da tsayi domin tayar ta baje ta daina nutsewa. Kowace ƙasa da abin da take nema, kuma babu ɗagin da ke amsa su duka.

Likitan ya biya, yana sane da cewa kuɗin da ya kashe na gyaran motarsa ne shi kaɗai. Mai babur ɗin da ke ɗauko mai naƙuda daga waɗannan rugage, da mai tsohuwar Golf da ke jigilar 'yan kasuwa, doron nan yana jiransu yadda ya bar shi. 'Yan tifofin tsakuwa da kwalbati biyu za su yi wa kowa abin da santimita biyu suka yi masa. Ya rubuta wannan a rahotonsa na wata, a sakin layi na ƙarshe, inda ya rubuta shi bara.

Da ya koma fadamar, ya iso wurin da ya kwana. Ramin da manoma suka haƙa yana nan. Ya tsaya, ya ɗauko sandar, ya kafa ta a cikin kwarin. Doron ya haura tsagar da faɗin tafin hannu. Ya koma cikin mota, ya murɗa sitiyari dama, ya ji tayoyin hagu sun hau doron, motar ta karkata kaɗan, akwatin sanyi ya motsa a ɗaurinsa. Ya bi mita ɗari biyu ɗin a giya ta ɗaya. Kafin azahar yana cikin ruga, yaran Ardo suna riƙe masa ƙaho, ƙanƙarar da ke cikin akwatin ko gefenta bai narke ba.